Alamomin Aiki a Harshen Python: Jagora daga Kasuwar Tattasai ta Diffa

Duk wanda ya san Diffa ya san tattasai. Ana noma shi a gaɓar Komadugu, tun daga wajajen Maine Soroa har zuwa Bosso inda kogin ke gangarawa Tafkin Chadi. A tsinke shi, a shanya ya bushe, a ɗura a buhu, sannan motoci su kwashe zuwa kasuwannin Najeriya da na cikin gida. Kowane buhu yana tafe da lissafinsa: kuɗin taki, man injin ban-ruwa, ladan ƴan dako, la'adar dillali, kuɗin mota, ga kuma canji, domin a kasuwannin jihar sefa da naira tare suke yawo. Bayan dokar ta-ɓaci da aka kafa a watan Fabrairun 2015, da haramcin cinikin tattasai da ya biyo baya har zuwa 2017, da ambaliyar kogin da ta sha cinye gonaki, ribar manomi ta zama ƴar kaɗan. Kuskuren lissafi a irin wannan hali yana iya cinye wahalar shekara guda.

Shi ya sa matasa da yawa, daga ɗaliban Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014 zuwa masu riƙe wa ƙungiyoyin manoma littafi, suke son koya wa kwamfuta wannan lissafi. Ƙofar shiga ita ce alamomin aiki, wato ƙananan alamomi irin su +, -, *, / da ==, waɗanda ke ɗaukar abu biyu su fitar da sakamako. Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan: kwamfuta abin da ka rubuta take bi, ba ta san abin da ke ranka ba, kuma aikin kowace alama ya dogara ne ga irin abin da ke hagunta da damanta. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin.

Kayan aiki

Za mu yi amfani da Python, harshen da Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Kyauta ne, kuma rubutunsa yana da sauƙin karantawa. Ka tabbata Python 3 ka sauke, domin an daina kula da Python 2 tun farkon 2020, kuma yadda suke rabawa ya sha bamban. In ba ka da kwamfuta, manhajar Pydroid 3 tana aiki a wayar Android, kuma da zarar ta sauka ba ta buƙatar intanet don irin aikin da za mu yi. A inda ya dace zan nuna yadda harshen Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, ya bambanta, saboda ɗalibai da dama da shi suke fara karo a aji.

Yawancin kwamfutocinmu na Nijar madannan Faransanci gare su, masu farawa da AZERTY. A kansu waƙafi yana fita da dannawa ɗaya, amma ɗigo sai an haɗa da Shift. Ka lura da wannan, za ka ga dalili nan gaba. Python 3 yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a cikin sunaye, amma a misalan nan na bar su ba lanƙwasa don su yi sauƙin bugawa a kowace waya. Duk farashin da za ka gani na misali ne, kai ka sa na kasuwar ranar.

Tarawa, ɗebewa da ninkawa

A ce wata ƙungiyar manoma daga Geskeru ta kawo buhu 48, an saye kowane a kan sefa 32,500. Buga wannan:

```
buhu = 48
farashi = 32500
jimla = buhu * farashi
dako = buhu * 250
laada = buhu * 500
saura = jimla - dako - laada
print(jimla, saura)
```

Za ka ga 1560000 da 1524000. Tauraro shi ne alamar ninkawa, ba harafin x da muka saba da shi a makaranta ba. Rabawa kuma da sanda mai jirge ake yi, ba da ruwa biyu ba kamar yadda malaman firamare suke rubutawa a allo.

A nan ne tarko na farko yake ga duk wanda ya yi karatu da Faransanci. An koya mana mu rubuta goma sha bakwai da rabi da waƙafi, mu kuma raba dubbai da ɗigo. Python akasin haka yake fahimta. Gwada ka gani:

```
nauyi = 17,5
print(nauyi * 2)
```

Kai 35 kake jira, amma abin da zai fito shi ne (17, 5, 17, 5). Waƙafin ya sa Python ya ɗauki rubutunka a matsayin jerin lambobi biyu, 17 da 5, sai tauraron ya maimaita jerin sau biyu. Bai yi ƙorafi ba, bai nuna kuskure ba, domin a wurinsa umarnin daidai yake. Haka nan in ka rubuta farashi = 32.500 kamar yadda ake rubutawa a rasit, ya zama sefa talatin da biyu da rabi, kuma buhu 48 za su tashi a sefa 1560 kacal. Dokar ita ce: rabi da kwata da ɗigo ake rubuta su, 17.5, dubbai kuma a haɗe, 32500. In tsawon lambar yana rikita maka ido, tun daga Python 3.6 an yarda ka raba da layin ƙasa, 1_560_000.

Rabawa iri uku

Rabawa ita ce inda ya kamata a dakata sosai, domin alamomi uku ne ke yin ta, kowace da aikinta.

Sanda ɗaya, /, kullum lamba mai ɗigo take bayarwa, ko da rabon ya tafi daidai. 1560000 / 48 zai ba ka 32500.0. Sanda biyu, //, tana ba ka cikakken rabo ta zubar da ragowa. Alamar %, wadda a nan ba ruwanta da kashi cikin ɗari, ita ke ba ka ragowar da aka zubar.

A ce motar da aka samu buhu 20 take ɗauka. 48 // 20 ya ba da 2, wato lodi biyu cikakku. 48 % 20 ya ba da 8, buhunan da za su rage a ƙasa. In kana son sanin sawu nawa motar za ta yi gaba ɗaya, sai ka ƙara 19 kafin ka raba, wato ɗaya ƙasa da lodin mota: (48 + 19) // 20 ya ba da 3. Wannan dabara tana aiki ga kowane adadi, har da wanda ya rabu daidai.

Waɗannan alamomi biyu su ne ke fassara lamba zuwa bakin kasuwa. A Nijar ba mu cewa sefa dubu ɗaya da ɗari uku da hamsin, da jaka da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, jaka ɗaya sefa dubu:

```
kudi = 1350
jaka = kudi // 1000
dala = kudi % 1000 // 5
print(jaka, dala)
```

Sakamako 1 da 70: jaka guda da dala saba'in. Da farko % ya cire jakar ya bar 350, sannan // ya mayar da 350 zuwa dala. Manhajar da za ta nuna wa dattijon manomi kuɗinsa a yadda ya saba ji ta fi wadda za ta jera masa sifili kawai, kuma layi biyu ne ke kawo bambancin.

A Java da C++ sanda ɗaya tana canza hali bisa abin da ke gefenta. In duka biyun cikakkun lambobi ne, 7 / 2 ya zama 3. In ɗaya mai ɗigo ce, 7.0 / 2 ya zama 3.5. Akwai kuma bambanci a kan lambobin da ke ƙasa da sifili, waɗanda da su ake rubuta bashi. A Python -7 // 2 yana ba da -4, domin ƙasa yake gangarawa koyaushe, a Java kuwa -7 / 2 yana ba da -3, domin wajen sifili yake matsawa. Idan kana raba bashi tsakanin membobin ƙungiya, ka fara mayar da shi lamba mai kyau da abs, ka raba, ka fitar da ragowar a fili, a san wanda zai ɗauke ta. Rabawa da sifili kuma tsayar da manhajar Python take yi nan take, za mu ga maganinta a gaba.

Saura alamar ninka lamba da kanta, tauraro biyu. Fili mai mita 40 kowane gefe faɗinsa 40 ** 2, wato murabba'in mita 1600. Wanda ya saba da Excel zai kai hannu ga alamar ^, amma a Python da Java wani aiki dabam take yi a kan sifili da ɗayan da ke cikin lamba: 2 ** 10 ya ba da 1024, 2 ^ 10 kuwa 8. Nan ma babu gargaɗi.

Wa ke riga wa

Idan alamomi da yawa suka haɗu a layi ɗaya, ba daga hagu zuwa dama kawai ake bi ba. Baka biyu ne a gaba, sai tauraro biyu, sai ninkawa da rabawa iri ukun nan, sai tarawa da ɗebewa, sai kwatantawa, sannan not, and da or a ƙarshe. Waɗanda suke matsayi ɗaya, irin % da // a misalin jaka da dala, su ne ake bi daga hagu.

A ce mutum uku ne suka haɗa hannu a gonar, za su cire kuɗin dako sannan su raba:

```
print(1560000 - 12000 / 3)
print((1560000 - 12000) / 3)
```

Na farko ya ba da 1556000.0, domin kuɗin dakon kaɗai aka raba uku. Na biyu ya ba da 516000.0, rabon kowane mutum na gaskiya. Shawarata ita ce kada ka dogara da haddar jerin nan. Duk inda ka haɗa tarawa da rabawa, sa baka biyu, ko da ba dole ba ne. Wanda zai karanta aikinka bayan wata shida zai gode maka.

Ajiyewa dabam, tambaya dabam

Alamar = guda ɗaya ba ta nufin abu biyu sun yi daidai. Umarni ce: lissafa abin da ke dama, ka ajiye shi da sunan da ke hagu. Shi ya sa buhu = buhu + 5 yake da ma'ana, ko da yake malamin lissafi ba zai yarda da shi a allo ba. Ana taƙaita shi da buhu += 5, haka ma -=, *= da //=. A Java ana rubuta buhu++ don ƙara ɗaya, Python kuwa bai san wannan ba.

Tambaya da == ake yi, kuma amsarta ɗayan biyu ce, True ko False, gaskiya ko ƙarya. Ƴan'uwanta su ne != mai tambayar ko sun bambanta, da <, >, <= da >=. Ɗauki tsayin ruwan Komadugu, wanda ake aunawa a Bagara kusa da garin Diffa. Kogin daga Najeriya yake samun ruwansa, ta kogunan Haɗeja da Jama'are, don haka cikarsa takan iso bayan damina ta ja baya. A ce an sa maka iyakar gargaɗi a santimita 400:

```
tsayi = 400
iyaka = 400
print(tsayi > iyaka)
print(tsayi >= iyaka)
```

Na farko False, na biyu True. Ranar da ruwa ya taɓa iyakar daidai, alama guda ce ke tsakanin a yi shela da a yi shiru. Kowane lokaci ka rubuta > ko <, tambayi kanka: in lambar ta faɗo daidai kan iyaka, me ya kamata ya faru? Python yana kuma yarda a jera kwatanci biyu, 350 <= tsayi < 400, abin da Java ba ya karɓa.

Matasan da suka yi aikin tattara bayanai da KoboToolbox a sansanonin ƴan gudun hijira da ƙauyukan jihar sun riga sun san wasu daga cikin waɗannan, sai dai su kula: a cikin fom ɗin Kobo ana tambaya da = guda ɗaya, ana rabawa da div, ana neman ragowa da mod. Ma'anar ɗaya ce, rubutun ne ya bambanta.

Lambobi masu ɗigo ba a kwatanta su da ==. Buga 0.1 + 0.2 == 0.3 ka ga False, domin tarawar 0.30000000000000004 take bayarwa. Dalili shi ne kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya rubutuwa cif a wannan tsari, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa a namu. Don haka ka riƙe kuɗi a cikakkun sefa. In dole ta sa ka shiga ɗigo, misali wajen canza yuro, wanda farashinsa yake tsaye a kan sefa 655.957 tun 1999, ka rufe da round: round(100 * 655.957) ya ba da 65596.

Haka nan ka kula da abin da mutum ya buga da hannunsa. Umarnin input rubutu yake dawowa da shi, ko da lamba aka buga. "48" * 2 ya ba da "4848", "48" + "5" ya ba da "485", kuma "9" > "10" gaskiya ne, domin harafi da harafi ake gwada rubutu. Mayar da shi lamba tun a bakin ƙofa: buhu = int(input("Buhu nawa? ")).

Haɗa sharuɗɗa

And, or da not sun samo asali daga aikin George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila da ya wallafa littafinsa a kan dokokin tunani a 1854. And tana ba da gaskiya in duka ɓangarorin gaskiya ne. Or tana wadatuwa da ɗaya. Not tana juya amsa. A Java ana rubuta su &&, || da !.

```
if buhu > 0 and jimla / buhu > 30000:
    print("Farashi ya yi kyau")
```

Lura da jerin. In ɓangaren hagu na and ya zama ƙarya, Python ba ya ko duban na dama. Ke nan ranar da ba a kawo buhu ko ɗaya ba, ba za a kai ga rabawa da sifili ba. In ka juya su, manhajar za ta faɗi. Sharaɗin kariya a hagu yake zama.

Kuskuren da ya fi kama masu koyo shi ne rubuta sharaɗi yadda ake faɗinsa da baki:

```
if gari == "Bosso" or "Geskeru":
```

Wannan layi kullum gaskiya yake bayarwa, ko daga Ngigmi kayan suka fito, domin Python yana ɗaukar duk rubutun da ba fanko ba a matsayin gaskiya, kuma "Geskeru" shi kaɗai yake tsaye a bayan or. Gyaransa shi ne a maimaita tambayar, gari == "Bosso" or gari == "Geskeru", ko a yi amfani da alamar in, wadda ke duba ko abu yana cikin jeri: gari in ("Bosso", "Geskeru", "Shetimari").

Alamomi da abubuwa

Yanzu mun iso zuciyar al'amarin. Python yana cikin harsunan da ake gina manhaja da abubuwa, tsarin da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka faro a ƙasar Norway da harshen Simula a shekarun 1960. A wannan tsari kowane abu yana ɗauke da bayanansa da kuma ayyukan da ya iya. Aji shi ne tsarin da ake fitar da abubuwa daga cikinsa, kamar abin buga bulo da bulullukan da ke fitowa daga gare shi. Ɗigo kuma alamar aiki ce mai shiga cikin abu ta ɗauko bayaninsa ko ta kira aikinsa.

A Python lamba ma abu ce. Idan ka rubuta 5 + 3, abin da ke faruwa a ɓoye shi ne (5).__add__(3): ana tambayar abin da ke hagu ya yi tarawa irin tasa. Ajin lamba ya san tarawa a matsayin ƙari, ajin rubutu ya san ta a matsayin liƙawa. Wannan ne ya bayyana "485", kuma irinsa a kan tauraro ne ya ba da "4848" da (17, 5, 17, 5) da muka gani a baya. Kuma tun da haka ne, kai ma kana iya koya wa naka ajin abin da + ke nufi.

Ga inda wannan ke da amfani a Diffa. Ɗan kasuwa ya sayar da wasu buhuna da sefa, wasu kuma ga baƙi daga Damasak da naira. In duka ka ajiye su a matsayin lambobi tsirara, 65000 + 80000 zai ba da 145000, lambar da ba sefa ba ce, ba naira ba ce. Babu ɗan canjin da zai yi wannan kuskure, amma kwamfuta za ta yi shi ba tare da ta tsaya ba. Irinsa ne ya sa hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a 1999: wani ɓangaren manhajar yana ba da lamba da ma'aunin fam, wani yana karɓarta a matsayin ma'aunin nyuton. Maganin shi ne kuɗi ya riƙa tafiya da sunansa:

```
class Kudi:
    def __init__(self, adadi, iri):
        self.adadi = adadi
        self.iri = iri

    def __add__(self, wani):
        if self.iri != wani.iri:
            raise ValueError("A yi canji tukuna")
        return Kudi(self.adadi + wani.adadi, self.iri)

    def __mul__(self, sau):
        return Kudi(self.adadi * sau, self.iri)

    __rmul__ = __mul__

    def __eq__(self, wani):
        return self.adadi == wani.adadi and self.iri == wani.iri

    def __repr__(self):
        return str(self.adadi) + " " + self.iri
```

Bi shi sannu a hankali. Aikin __init__ shi ke gina sabon abu, ya ajiye adadi da irin kuɗin. Kalmar self tana nufin abin da ake aiki a kansa, wanda ke hagun alama, wani kuma shi ne na dama. Aikin __add__ shi ne ma'anar +: ya fara duba ko kuɗin iri ɗaya ne, in ba haka ba ya tsayar da komai ya faɗi dalili. Aikin __mul__ shi ne ma'anar tauraro, __rmul__ kuma yana ba da damar lambar ta zo a hagu, ta yadda 48 * farashi zai yi aiki kamar farashi * 48. Aikin __eq__ shi ne ma'anar ==, __repr__ kuma shi ke tsara yadda abin zai bayyana a allo. A sunayen ayyukan nan layin ƙasa biyu ne a gaba, biyu a baya, kuma tazarar farkon layi dole ce, da ita Python ke gane abin da ke cikin aji. Gwada:

```
farashi = Kudi(32500, "sefa")
print(48 * farashi)
print(farashi + Kudi(500, "sefa"))
print(farashi + Kudi(500, "naira"))
```

Layin farko ya ba da 1560000 sefa, na biyu 33000 sefa, na uku ya tsaya da saƙon da ka rubuta. Wannan tsayawar ita ce nasarar aikin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: manhajar da ta ƙi ba da amsa ta fi wadda ta ba da ta ƙarya aka biya mutane da ita. Lura kuma cewa + bai taɓa kuɗin asali ba, sabon abu ya dawo da shi. Ka kiyaye wannan ɗabi'a, kuma kada ka ba alama ma'anar da mai karatu ba zai zata ba. In + zai cire la'ada a ɓoye, gara ka rubuta aiki dabam ka ba shi suna bayyananne.

Java bai yarda mai rubutu ya sake wa alamomi ma'ana ba. A can sai ka rubuta aiki mai suna, ka kira shi da ɗigo, kamar a.tara(b). C++, C# da Kotlin sun yarda, kowane da salon rubutunsa.

Abu ɗaya ne, ko kama suka yi?

Tambaya biyu ce dabam. Alamar == tana tambayar ko darajarsu ɗaya, is tana tambayar ko ainihin abu guda ne ake kira da suna biyu. Kudi(500, "sefa") == Kudi(500, "sefa") gaskiya ne saboda mun rubuta __eq__, amma da is ƙarya ne, domin abubuwa biyu aka gina. Ka bar is don tambaya irin x is None, wato ko ba a sa komai ba tukuna. A Java lamarin a juye yake ga abubuwa: == ke tambayar ainihi, daraja kuwa da equals ake gwada ta, har a kan rubutu.

Wannan bambanci yana cizo a wajen alamar =, domin ba ta kwafe abu, sabon suna kawai take liƙa masa:

```
na_safe = [20, 15]
na_yamma = na_safe
na_yamma += [13]
print(na_safe)
```

Za ka ga [20, 15, 13]. Lodin yamma ya shiga lissafin safe, saboda jeri ɗaya ne mai suna biyu. In kwafi kake so, rubuta na_yamma = list(na_safe).

Gwaji kafin a dogara

Kada ka miƙa wa ƙungiya manhajar da ba ka gwada da lissafin hannu ba. Ɗauki ciniki uku ko huɗu daga tsohon littafinsu, waɗanda kowa ya yarda da sakamakonsu, ka rubuta su da assert, umarnin da ke yin shiru in sharaɗi gaskiya ne, ya tsayar da manhaja in ƙarya ne:

```
assert 1350 % 1000 // 5 == 70
assert (40 + 19) // 20 == 2
assert 2 * Kudi(500, "sefa") == Kudi(1000, "sefa")
```

Ka gwada da sifili, da lambar da ta faɗo daidai kan iyaka, da bashi, da lamba mai girman gaske. Ta ƙarshen ta fi shafar masu Java, inda cikakkiyar lamba irin int ba ta wuce 2,147,483,647, in ta haura sai ta juye ta koma ƙasa da sifili, don haka babban lissafi da long ake yin sa. In sakamako ya ba ka mamaki, tambayi irin abin da ke hannunka da type, misali type(nauyi). Sau da yawa amsar a nan take.

Aikin da ya rage naka ne. Ƙara wa ajin Kudi aikin __sub__ don ɗebewa da __lt__ don alamar <, dukansu su ƙi haɗa sefa da naira. Sannan ka rubuta aiki mai suna canji, wanda zai karɓi farashin canjin ranar daga hannun mai amfani, domin na safe ba lallai ya kai yamma ba, ya dawo da sabon Kudi a cikakkiyar lamba. Daga nan ka ƙara wani da zai faɗi adadin da jaka da dala. In ka gama, zauna da ma'ajin ƙungiyarku ko wani dillali da ya daɗe a kasuwa, shi ya yi lissafi da ka, kai ka yi da waya, ciniki bayan ciniki. Duk inda kuka saɓa, ka koma layin ka duba alamar da abin da ke gefenta biyu, ka gyara, ka mayar da wannan cinikin ya zama sabon assert a cikin manhajarka.